Sunan da Inna Ba Ta Kira

Litinin, bayan azahar

Metir Maman Lawali ya kira ni ina tsakiyar aji. Ya ce an sa ranar sauraron ɗaukaka ƙarar Yaya Hafizu, ƙarshen watan nan. Na ce alhamdu lillahi, don abin da ake cewa ke nan. Sai da yara suka fashe da dariya na lura da tafin hannuna nake goge allo.

Da aka tashi daga lakwal na bi ta wurinsa. Aboka ne, wato lauya, mai magana da hannuwa, in yana bayani sai ka janye kofin ruwa daga gabansa. Ya ce alƙalan wannan karo sababbi ne, za su duba komai daga tushe. Abu guda muke nema: su yarda Yaya ba ya cikin hankalinsa ranar da abin ya faru a bakin kanal na ban ruwa a Jiratawa, su sa likitocin ƙwaƙwalwa su duba shi, a fitar da shi daga kaso a kai shi inda ake magani. In ba haka ba, shekara ashirin ɗin da aka yanke masa na nan daram. Amma ba za su kira likita ba sai wani ya tsaya ya shaida cewa ciwon ya riga abin zuwa. Kaka da ta rene shi ta rasu. Malamin da ya yi masa rubutun sha ya rasu. Ni lokacin ina makarantar horon malamai a Damagaram, duk abin da na sani ji na yi.

Ya ce, "Madam Tahira, sai Inna ta yi magana."

Na yi dariya. Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba.

Talata, da yamma

Ba kuran, wato wutar lantarki, tun safe a duk unguwarmu ta Zariya. Ruwan randa ma ya yi ɗumi.

Bari in rubuta zaman farko, ko na daina juya shi a kaina. Yaya ɗan farin Inna ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "na tsohuwa", don ana yaye shi Kaka ta ɗauke shi. In ya shigo gaisuwa sai ta juya ta hau gyaran wutar da ba abin da ya same ta. Duk Tsibiri ba wanda ya ga laifin haka, yabonta ma ake yi, ana cewa a yi kunya irin ta Fasuma. Ni da nake kiran mijina Shamsu da sunansa gatsau, har yau in ta ji sai ta yi salati.

To, ranar shari'a alƙali ya tambaye ta ta bakin tafinta ko wannan ɗanta ne. Ta ce na tsohuwa ne. Ya ce ko ta taɓa ganin alamar ciwo a tare da shi. Ta ja mayafi ta ce ita ba ta da magana a kansa. Zauren cike yake da mutanen garinmu, kowa ya gane abin da take yi. Ina jin shi kansa alƙalin ya gane. Amma kotu abin da aka faɗa take ji. Mai ƙara na gwamnati ya miƙe ya ce a dubi mutumin da uwar da ta haife shi ma ta ƙi tsaya masa. Likitan da aka sa ya duba shi kuwa ya same shi ran da kansa ya lafa, Yaya ya gaishe shi har da tambayar iyali, shi ke nan aka rubuta lafiyarsa ƙalau.

Na gaji. Ban san me ya sa na zaci rubutawa za ta rage wani abu ba.

Alhamis, bayan la'asar

Na je Tsibiri. Na iske Inna na sheƙar gero a tsakar gida. Na zauna na jera mata bayani tiryan-tiryan kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni ko har yanzu ƙafar uwar Shamsu na kumbura. Na sake farawa. Ta ce akuyar maƙwabta ta cinye mata lalle. Inna ba ta faɗa da mutum. Barinsa take ya yi ta dukan iska har ya gaji don kansa.

Da zan tafi ta shiga ɗaki ta fito da kwano ɗaure a tsumma. Dambun zogale ne, an zuba masa man gyaɗa da ƙuli yadda Yaya ke so.

Ta ce, "An yi saura. Tahi da shi kada shi lalace."

Kwanon cike yake har murfi bai zauna ba. Ita kaɗai ce a gidan, ban san wa ya ci ya bar wannan saura ba. Duk zuwan da na yi tun da aka kama shi haka take ce mini, ni kuma ina karɓa ina cewa to.

Asabar, da hantsi

Ranar ziyara. Layi tun daga bakin titi, mata da kwanuka, kowa na kauce wa idon kowa. Mai gadi ya soka cokali a dambun ya juya, ya ce mu wuce.

Yaya ya rame. Sun aske masa kai, tabon da ya samu ran da ya faɗo daga bishiyar kanya ya fito fili. Ya cusa wani abu a kunnuwansa, na duba na ga yagaggen tsumma ne. Na ce Yaya ina kwana. Ya amsa lafiya lau, ya tambayi Shamsu, ya tambayi lakwal. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ya sunkuyo ya rage murya.

"Tahira, an kashe injin? Har yanzu shina kira na."

Na ce an kashe. Ya ce to madalla, a gaya wa Ya'u ya rufe ruwan kada albasa ta ruɓe. Ba ni zan sake gaya masa inda Ya'u yake ba. Na gaya masa sau ɗaya bara, na ga abin da ya biyo baya.

Ya cinye dambun tas, ya lashe yatsu, ya ce in yi wa Kaka godiya.

Lahadi, da safe

Ban fita ba. Shamsu ya sayo waina, tana nan a rufe.

Talata, bayan azahar

Metir ya ce in kawo Inna ya gwada da kansa, wai ya saba da tsofaffi. Na biya mota na ɗauko ta. Ya ba ta kujera mai laushi, ta zauna a bakin-bakinta kamar za a ce ta tashi. Ya yi mata Hajiya, ya yi mata Inna, ya ce shi ma ɗan fari ne, ya san abin. Ya ce ba wani abu mai yawa ba ne, za a tambaye ta wane ne wannan a wurinta, ta faɗa, ta faɗi sunansa, sannan ta ba da labarin abin da ta gani. Hannuwansa na ta yawo. Inna na kallon fankar sama. Da ya gama ta ce Allah ya yi masa albarka, Allah ya raya zuri'a, kuma wannan fanka tasa na bukatar a goge ta.

A tasha na kasa riƙe kaina. Na ce mata abubuwa. Na ce kunyarta ta riga ta ci masa shekara ashirin, ko sai ta ga gawarsa za ta huta. Na ce mutanen da take jin kunya ba wanda ya taɓa kai masa ko ruwa. Na ce har dambun da take wahalar yi, Kaka yake gode wa, Kaka da ke ƙasa. Masu kabu-kabu na kallonmu, ban damu ba.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ranar da anka haihe shi, tsohuwa ta ce mani, in kin nuna shi, za a ɗauke maki. Ban nuna ba, Tahira. Ko sau guda ban nuna ba."

Na buɗe baki in ce ai an ɗauke ɗin. Allah ya taimake ni na rufe. Ta hau mota, ba ta waiwayo ba.

Laraba, da yamma

Direkta ya ce in ɗauki hutu in ina so. Ba na so. A aji ne kaɗai ake tambayata abin da na san amsarsa.

Alhamis, da asuba

Na yi mafarkin kanal. Ba zan rubuta ba.

Juma'a, bayan an sauko

Shamsu ya ce in kira Inna in ba ta haƙuri. Na ce na sani. Ya ce to ki kira. Na ce na sani. Ya ɗauki hularsa ya fita. Mutumin kirki ne, amma shi duk matsalar duniya gani yake da kiran waya ɗaya za ta mutu.

Na gaji da Metir da hannuwansa, na gaji da layin kaso, na gaji da matan unguwa da ke rage murya in na shigo gidan suna. Wani lokaci har shi Yayan nake jin na gaji da shi, sai in tashi in yi alwala.

Lahadi, da hantsi

Inna ce ta kira. A wayar maƙwabciya. Ba ta ta da maganar tasha ba, ni ma ban tayar ba. Ta ce in zo gobe in raka ta Jiratawa, wurin Atika.

Atika matar Ya'u ce, abokin da Yaya ya kashe a bakin kanal. Lokacin rasuwar maza suka je gaisuwa a madadinmu, aka ce mata su dakata sai zukata sun huce. Daga nan ba wanda ya sake cewa lokaci ya yi. Na ce Inna, me za mu je yi? Ta ce nauyi ne a kanta, tana so ta sauke kafin a sake tara mutane.

Litinin, da almuru

Mun je, mun dawo. Ƙafafuna ciwo suke.

Ban taka Jiratawa ba tun abin. Komai kore shar, ruwa na gudu a kanal, injuna na ta ƙara daga kowane ɓangare. Ban taɓa lura da yawan ƙararsu ba sai yau. A zauren gidan akwai hauya jingine da bango, na kau da kai na wuce.

Mun iske Atika tana zage zogale a kan tabarma, 'ya'yanta biyu na taya ta. Da ta gane mu sai ta ce su shiga ɗaki. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Inna ta yi mata gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi ranar farko, ta yi wa mamaci addu'a. Atika ta amsa kanta a ƙasa, hannunta bai daina aiki ba. Sai Inna ta jawo reshe ɗaya ta fara taya ta. Ni ma na jawo. Muka daɗe a haka.

Atika ce ta fara magana. Ta ce ta ji an ɗaukaka ƙara. Ta ce marigayi ya san abokinsa ba shi da lafiya, shi yakan karɓar masa kwanan ban ruwa don ya nisanta da inji, amma kada mu nemi wannan a bakinta gaban alƙali, ba za ta iya ba. Ta ce ba ta yafe ba, kuma ba ta san ranar da za ta yafe ba. Inna ta ce ba wannan ya kawo ta ba.

Sai Atika ta ɗago ta dube ta.

"Inna, ina cikin zauren ran nan, na ji abin da kinka ce. Ni tun da anka kawo ni gidan ga ban taɓa kiran sunan mai gidan ga ba. Ran nan alƙali ya ce in hwaɗi sunan mijina, na hwaɗi. Shina cikin kabari, bai ji ba. Ke naki na da kunne."

Inna ta gama reshen da ke hannunta, ta kakkaɓe zane, muka yi sallama. Atika ta bi mu har zaure da ƙullin zogale, ta ce ba a zuwa Jiratawa a koma hannu wofi. Inna ta karɓa da hannu biyu.

Na raka ta a mota har Tsibiri.

Laraba, bayan azahar

Metir ya tambaye ni ko akwai labari. Na ce babu. Ya ce to zai sa sunan Inna cikin shaidu, in ta yi shiru ta yi. Yau hannuwansa na kan tebur.

Asabar, da hantsi

Ziyara. Bai yi magana sosai ba. Ya ce dambun yau ya fi daɗi, ganyen sabo ne. Ban gaya masa daga gonar da ya fito ba.

Lahadi, da yamma

Inna ta iso da 'yar jakarta, za ta kwana nan don kotu da safe ce. Ta duba kicin ɗina ta ce tukwanena sun yi baƙi. Na ce to. Na goge mata mayafi. Ban tambaye ta komai ba, na gama tambaya.

Litinin, bayan la'asar

Gara in rubuta yanzu.

Alƙalai uku ne, ta tsakiya mace ce mai tabarau. Aka shigo da Yaya, ya zauna kansa a sunkuye, tsumman na kunnuwansa. Atika na can gefe da wanta. An daɗe ana karatu da Faransanci, ana maimaita abin da ya faru a bakin kanal dalla-dalla. Ni na ji duka. Yau ce rana ta farko da na yi wa Inna murnar rashin zuwa lakwal.

Aka kira ta. Ta tafi a hankali, ta tsaya ta kama ƙarfen da ke gabanta. Tafinta ya ce alƙaliya na tambaya, mutumin nan da ke zaune, mene ne shi a wurinki?

Shiru. Na ji wani a baya ya yi tsaki. Metir ya sunkuyar da kai yana juya biro. Na rufe ido na ce shi ke nan, mun sake.

"Ɗana ne. Na hwari."

Aka ce ta faɗi sunansa.

"Hafizu."

Muryar ta fito kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Yaya ya ɗago kai firgigit. Ya duba bayansa, ya duba wajen ƙofa, ya bi matan da ke zaune da ido ɗaya bayan ɗaya. Bai dubi inda take tsaye ba. Sannan ya mayar da kansa ƙasa.

Daga nan ba ta tsaya ba, har tafinta na roƙonta ta dakata ya juya. Ta ce bayan rasuwar tsohuwa ya daina barci, ya fara toshe kunne da auduga, yana cewa injin niƙan unguwa na kiran sunansa. Ta ce damina guda cur ta yi tana ɗaure ƙafarsa da tata da gefen zane in za su kwanta, don in ya tashi ta ji. Ta ce ita ke ba shi abinci a baki, ita ke yi masa wanka, gemu gare shi. Ta ce da ya samu sauƙi baffanninsa suka yanke ya koma noman rani a Jiratawa, ta san akwai injuna can, amma ba a jin bakin uwa a kan ɗan fari, ba ta yi magana ba. Ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ina Damagaram ana aiko mini cewa kowa lafiya.

Mai ƙara ya tambaye ta me ya hana ta faɗi haka a zaman farko. Ta ce kunya. Ya ce yau ina kunyar? Ta ce tana nan.

Alƙalan sun shiga sun fito. Sun ce za a kai shi Yamai likitocin ƙwaƙwalwa su duba shi, sai sakamako ya zo a ci gaba. Metir ya ce abin da muka nema ke nan, amma kada in ɗauka an gama. Ban ɗauka ba. Atika ta fita tun kafin a tashi, ban ga fuskarta ba.

A baranda, kafin a sa shi mota, mai gadi ya bar ni na matsa kusa. Ya kama hannun rigata.

"Tahira, wa ya kira ni ɗazu?"

Na ce Inna ce.

Ya tsaya yana kallona, yana neman alamar wasa a fuskata. Sannan ya ce, "Ashe ta san sunana."

Talata, da safe

Ban gaya wa Inna abin da ya ce ba. Ban san ko zan gaya mata ba.

Sun ce jibi za a tafi da shi, yau an yarda a kai abinci. Na fito na iske ta ta riga ni tashi, ta hura gawayi, ta wanke tukunyar da ta ce ta yi baƙi. Ta ɗaure kwanon a tsumma ta miƙo mini, idonta na kan murhu. Na tsaya ina jira ta ce an yi saura.

Ta ce, "Ki hwaɗa mashi ba tsohuwa ta yi ba."

Na ɗauki kwanon. Da zafinsa.